Allon Maciya Ƙwallo da Kociyoyi a Rumfar Kallo ta Ƙofar Marusa: Inda Aiki Ya Kwana

Lahadi, 11 ga Agusta, 2024

An sayo katakon filawud guda 2, kowanne ƙafa 4 a ƙafa 8, mai kaurin rabin inci. Mai kwata inci ya fi araha, amma yana lanƙwashewa in an danna alli, kuma laimar damina kan kumbura shi. Allo ɗaya na masu zura ƙwallo ne, ɗayan na kociyoyi. Za a kafa su gefen talabijin, yadda mai zama a bencin ƙarshe zai karanta ba tare da ya juya wuya ba.

Abin da ya jawo aikin sananne ne ga duk mai shiga gidan kallo a Katsina. Wasa minti 90 ne, musun da ke biyo baya kuwa sai ya kai tsakar dare, kuma yawancinsa ba a kan ƙwallon ba ne, a kan ƙirge ne. Wannan yana lissafa ƙwallayen lig kaɗai, wancan ya haɗa da na kofi, na uku har da na ƙasa. Kowa da gaskiyarsa, mudun ne ba ɗaya ba. Don haka kafin a buga ƙusa ko ɗaya, an zauna an rubuta ƙa'idojin ƙirge a shafin farko na littafin rajista:

Ƙwallon lig kaɗai ke shiga babban layi. Fenaritin da aka ci cikin wasa ƙwallo ce, amma ana nuna adadinta a gida na dabam. Bugun fenaritin raba gardama bayan an tashi ba ya shiga lissafin kowa. Cin gida ba na ɗan wasan gaba ba ne. In mutum biyu suka yi daidai, a jere su layi ɗaya.

Wasan jiya ya zo a kan gaɓa. Manchester City da Manchester United sun tashi 1-1 a Community Shield, wasan share fagen sabuwar kaka a Ingila, City ta ɗauka a bugun fenariti 7-6. A bisa ƙa'idar allo, ƙwallon Garnacho da ta Bernardo Silva ba na lig ba ne, 13 ɗin bugun fenariti kuma ba ƙwallaye ba ne sam.

Alhamis, 15 ga Agusta

Kafinta ya ɗaura firam na tubaitu a bayan kowane allo, ya sa guda 2 a tsakiya saboda kada cikin ya lotsa. An shafe firam ɗin da baƙin mai saboda gara, an bar tazarar inci 2 tsakanin allo da bango don iska ta riƙa ratsawa.

Fenti ya ba da matsala. Shafar farko an yi ta da baƙin fenti mai sheƙi: alli yana zamewa a kai, kuma da an kunna ƙwan lantarki sai rubutun ya ɓace a cikin ƙyalli. Sai da aka goge da samfefa, aka sake shafa fentin allo marar sheƙi sau 2, ana barin kwana guda tsakani. Bayan ya bushe an kwantar da alli a gefensa an murje allon baki ɗaya, sannan aka share da busasshen tsumma. Wanda ya tsallake wannan, rubutun farko da ya yi zai zauna a jikin fentin, ko an goge ana ganin inuwarsa.

Awon layuka: tsawon allo daga sama zuwa ƙasa inci 48. Inci 6 na kanun rubutu, layi 10 masu inci 4 kowanne, ragowar inci 2 na kwanan watan da aka yi gyaran ƙarshe. Haruffa inci 3. An ja layukan da farin fenti mai mai, yadda gogewa ba za ta ɗauke su ba. Gobe ake fara Firimiya, gasar lig ta Ingila.

Litinin, 19 ga Agusta

Allon kociyoyi an yi masa tsari dabam. Sunayen ƙungiyoyi 20 da fenti, sahu 2, goma-goma. Gaban kowace ƙungiya ƙusa 2, ana rataye ɗan falanki mai inci 14 a inci 3 ɗauke da sunan koci. An yanka 30, goma na ajiya. Farin alli na koci mai cikakkiyar kwantiragi, rawaya na riƙon ƙwarya.

Ƙungiyoyi 5 suka shigo kakar da sabon hannu: Arne Slot ya zo Liverpool daga Feyenoord a gurbin Klopp, Enzo Maresca ya bar Leicester ya koma Chelsea, Steve Cooper ya gaje shi a Leicester, Fabian Hürzeler a Brighton, Julen Lopetegui a West Ham. An ƙara gidaje 3 a gaban kowane suna: wasannin da ya ja, maki, da matsakaicin maki a kowane wasa. Wannan gida na uku shi ne zuciyar allon. Jimillar maki ba ta auna koci, domin wanda ya ja wasa 9 da wanda ya ja 27 ba a gwada su da tsinke ɗaya.

Litinin, 30 ga Satumba

Haaland na Manchester City ya ci 10 a wasa 5 na farko: 1 a ragar Chelsea, 3 a ta Ipswich, 3 a ta West Ham, 2 a ta Brentford, 1 a wasan 2-2 da Arsenal. Ranar Asabar kuma Cole Palmer na Chelsea ya zuba wa Brighton 4 tun kafin hutun rabin lokaci, ya yi tsalle daga ƙasan allo zuwa kusa da sama. Nan aka gane kuskuren tsari: in mutum ɗaya ya hau, sai an goge layi 5 ko 6 an sake rubutawa. An daina jera sunaye bi da bi kowane mako. Yanzu lambar matsayi kaɗai ake canzawa a gidan farko, sake jeri kuma sai ƙarshen wata.

Wata matsalar ta yara ce, da manyan da suka fi yaran. An wayi gari 10 ɗin Haaland ta zama 1. Maganin da aka yi: littafin rajista shi ne asali, allo kwafi ne. Mutum 2 kaɗai ke riƙe alli, ɗaya mai goyon Arsenal ɗaya mai goyon Chelsea, kuma bayan kowane gyara ana ɗaukar hoton allon a waya.

Litinin, 28 ga Oktoba

An sauke falanki na farko. Manchester United ta sallami Erik ten Hag yau, kwana guda bayan West Ham ta ci ta 2-1. An rufe layinsa: wasa 9, maki 11, matsakaici 1.22, ƙungiya tana ta 14. An rataye Ruud van Nistelrooy da rawaya.

Rumfa ta rabu biyu. Wasu na cewa mutumin da ya ɗauko kofin Carabao a 2023 da kofin FA a 2024, na biyun ma a hannun City, bai cancanci kora ba. Wasu na nuna teburi. Wani dattijo mai zama kusa da ƙofa ya dubi matashin da ya fi kowa ɗaga murya ya ce, "Kai yaro, mi allo ya ce? Kofi a kabad yake, maki a teburi." Yaron ya ce, "Baba, ai allon bai da gidan kofi." Gaskiyarsa. An ƙara siririn gida a ƙarshen layi, tauraro ɗaya ga kowane kofi.

Abu na biyu: jiya Ingila ta mayar da agogonta baya da awa guda, Najeriya kuwa ba ta taɓa nata. Wasan ƙarfe 3 na Asabar yanzu ƙarfe 4 ne a Katsina, na 5:30 ya koma 6:30, na 8 na dare ya koma 9. Mutane da dama sun iso rumfa awa guda kafin a take leda a wasan jiya. An rubuta gargaɗin a saman allo da manyan baƙi. Haka zai zauna har ƙarshen Maris.

Na uku: hukumar CAF ta bai wa Najeriya maki 3 da ci 3-0 a wasan Libiya da ba a buga ba, bayan an bar Super Eagles a filin jirgi. An tambaya wa za a rubuta wa ƙwallayen. Babu kowa. Ƙwallon ofis tana shiga teburi, ba ta shiga lissafin ɗan wasa. An ƙara wannan cikin ƙa'idoji.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ruben Amorim ya karɓi United daga Sporting, wasansa na farko 1-1 a gidan Ipswich ranar 24. Van Nistelrooy ya bar maki 4 a wasan lig 2. A ranar 24 ɗin Leicester ta kori Cooper, wasa 12 maki 10, jiya kuma ta naɗa Van Nistelrooy. Falankinsa bai ko shiga akwati ba, an goge rawaya an maye da fari, an matsar da shi ƙusa ta gaba.

Hunturu ya shigo. Ƙura na kwanciya a kan allo, baƙin ya koma ruwan toka, farin alli ba ya fitowa daga nesa. Jiƙaƙƙen tsumma ba ya magani, kwaɓa ƙurar yake da garin alli ya bar zane-zane. Yadda ya yi aiki: a kakkaɓe da busasshe tukun, a bi da wanda aka matse sosai, daga sama zuwa ƙasa hanya ɗaya, a bar shi minti 10 kafin a yi rubutu. An kuma ɗinko labulen buhu da ake saukewa da rana.

Litinin, 23 ga Disamba

Ranar 15 an sauke falanki 2 a yini ɗaya. Gary O'Neil a Wolves, wasa 16 maki 9. Russell Martin a Southampton, wasa 16 maki 5, bayan Tottenham ta zuba musu 5-0 a gida. Vítor Pereira ya karɓi Wolves, Ivan Jurić ya karɓi Southampton.

Saman allon ƙwallaye ya canza hannu. Jiya Liverpool ta ci Tottenham 6-3, Salah ya ci 2 ya kai 15, ya bar Haaland a 13. Yana kuma da 11 da ya bayar aka ci. Wannan gida na bayarwa da farko wasu sun ce ɓata wuri ne, yanzu shi aka fi nunawa da yatsa.

An buɗe gidan kwantan wasa. Guguwa ta hana wasan Everton da Liverpool ranar 7 ga wata, don haka duk mai gwada Salah da sauran ya tuna yana bin bashin wasa. Ana sa ɗigo gaban sunan duk wanda ƙungiyarsa ke da kwantai.

Ɗigo na biyu, ja, na ƙwallon da ta taɓa mai tsaron baya ne kafin ta shiga. Ƙa'idar Firimiya: in bugun dama raga ya nufa, ƙwallon mai bugu ce ko da ta goge jikin wani, in waje ya nufa jikin ya karkato da ita, cin gida ne. Akwai kwamitin da ke duba irin waɗannan bayan wasa, kuma yakan sauya abin da talabijin ta nuna. Saboda haka ba a shigar da irin wannan ƙwallo littafi sai bayan kwana 2.

Ademola Lookman ya zama gwarzon Afirka ranar 16 a Marrakesh, shekara guda bayan Osimhen. Allon ba shi da wurin 'yan Najeriya na waje. Wannan giɓi ne babba.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Mako mai cin falanki. Ranar 8 West Ham ta sallami Lopetegui, wasa 20 maki 23, washegari ta kawo Graham Potter. A ranar 9 ɗin Everton ta rabu da Sean Dyche, wasa 19 maki 17, jiya David Moyes ya dawo gidan da ya bari a 2013. Ƙungiyoyi 6 ke nan cikin 20 suka sauya koci. Falankan ajiya sun kusa ƙarewa saboda an daina goge na waɗanda aka kora, ana jera su a ƙasan allo da alkalumansu don gwadawa a ƙarshen kaka. An ba da yankan wasu 10.

An kafa allo na uku, rabin filawud, ƙafa 4 a 4, na gida. Sama Super Eagles: Éric Chelle, tsohon kocin Mali, da aka naɗa a makon nan. Layin da ke bayansa ya isa abin kallo: Peseiro ya tafi bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka, Finidi George ya karɓa a Afrilun 2024 ya ajiye a Yuni, an sanar da Bruno Labbadia a Agusta maganar ta wargaje bai ja wasa ko ɗaya ba, Eguavoen ya riƙe. An yi musu ko Labbadia zai samu falanki. Hukunci: wanda bai zauna a benci ba, ba ya hawa ƙusa.

Ƙasa kuma gasar cikin gida. Nan aikin ya fi wuya, domin ba kowane wasa ake nunawa ba. Wasan Katsina United a filin Muhammadu Dikko akwai masu gani da ido, na waje kuwa sai labari. Ƙa'ida: ba a rubuta sunan mai ci sai majiya 2 da ba su kwafi juna ba sun yi daidai. An rubuta layin tarihi da fenti: Ahmed Musa 18 a Kano Pillars, 2010, Jude Aneke 20 a Kaduna United, 2011, Mfon Udoh 23 a Enyimba, 2014.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An buga kwantan Everton da Liverpool jiya, 2-2, Tarkowski ya farke wa Everton a ƙarshen ƙarshe. An goge ɗigon.

Laraba, 26 ga Maris

Azumi ya sauya lokacin aiki. Wasan 6:30 na faɗawa daidai buɗa-baki, na dare kuma yana karo da asham, don haka gyaran allo ya koma hantsin washegari, daga littafi.

Chelle ya fara da 2-0 a Kigali ranar 21, duka Osimhen, jiya kuma 1-1 da Zimbabwe a Uyo, nan ma shi ya ci. Ya kai 26 a rigar ƙasa, ya wuce Segun Odegbami mai 23. Rashidi Yekini na sama da 37. An rubuta na Yekini da fenti, na Osimhen da alli.

Zafi ya fara nuna aikinsa: allon kociyoyi ya buɗe baki a kusurwar sama, inda zafin kwano ke sauka. Ɓawon filawud ɗin ne ya ɗago. An cusa gam na katako, an matse da falanki 2 da ƙusa kwana 2, sannan aka kewaye bakin allon duka da siririn katako. Da an yi wannan tun Agusta da ba a kai nan ba. Ranar Lahadi Ingila za ta tura agogo gaba, lokaci ya sake zama ɗaya da namu.

Litinin, 26 ga Mayu

An rufe Firimiya jiya. Liverpool ta riga ta ɗauka tun 27 ga Afrilu da ta ci Tottenham 5-1, a kakar Slot ta farko. Allon ƙwallaye: Salah 29, Isak 23, Haaland 22, Chris Wood da Mbeumo 20-20 a layi ɗaya. Salah ya bayar da 18, jimilla 47, ya kuma kamo Henry da takalmin zinare 4. Haaland da ya ci 10 a wasa 5 ya ƙara 12 kacal a sauran kakar. Masu lissafin Satumba da suka ce zai karya 36 ɗinsa na 2023 sun yi shiru.

Ga abin da falankan ƙasa suka nuna, kuma nan ne aka fi daɗewa a tsaye.

Everton: Dyche 0.89, Moyes maki 31 a wasa 19, wato 1.63. Wolves: O'Neil 0.56, Pereira 33 a wasa 22, wato 1.50. Waɗannan biyu sauyin ya biya kuɗin sabulu. West Ham: Lopetegui 1.15, Potter 20 a wasa 18, wato 1.11, an canza mutum ba a canza komai ba. Leicester: Cooper 0.83, Van Nistelrooy 15 a wasa 25, wato 0.60, kuma Cooper ya bar su a ta 16 ne, sama da layin faɗuwa. Southampton: Jurić maki 4 a wasa 14, ya tafi a Afrilu da suka faɗa ajin 'yan dagaji saura wasa 7, sun ƙare da 12, maki ɗaya sama da 11 ɗin Derby na 2008. United: Ten Hag 1.22, Amorim 27 a wasa 27, daidai 1.00, ta 15.

Biyu cikin shida. Sai dai kada a ɗora wa alkaluman abin da ba su ɗauka ba. Galibi ana korar koci ne a lokacin da ƙungiya ke ƙasan rijiya, inda ko ba a taɓa kowa ba akwai yiwuwar ta ɗan ɗago. Allon kuma bai nuna wa aka kara da shi, wa ya ji rauni, ko wa aka sayo a Janairu. Masu kare Amorim sun kawo hujjar cewa ya zo da tsarin masu tsaron baya 3 ya tarar da 'yan wasan da aka saya don 4. Hujja ce mai kyau, amma ba ta da gida a allo, kuma ba za a buɗe mata ba.

Allon gida: Remo Stars ta ɗauki gasar karon farko, Anas Yusuf na Nasarawa United ya fi kowa da 18.

Lahadi, 1 ga Yuni

Musun takalmin zinare na Turai ya ci dare 2. Gyökeres ya ci 39 a Fotugal, Mbappé 31 a Sifaniya, amma Mbappé ya ɗauka. Dalili: ƙwallon manyan lig 5 ana ninka ta da 2, ta Fotugal da 1.5. Mbappé 62, Gyökeres 58.5, Salah 58. An rubuta lissafin a gefen allo don kowa ya buga da kansa. Sauran na waje: Kane 26 a Jamus, Retegui 25 a Italiya, Osimhen 26 a Turkiyya tare da kofin lig a Galatasaray.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ranar Babbar Sallah Tottenham ta sallami Ange Postecoglou, kwana 16 bayan ya ci United 1-0 a Bilbao ya kawo kofin Europa, kofinsu na farko tun 2008. A lig ta 17 ya ƙare, an ci shi sau 22. Falankinsa ne kaɗai aka sauke da sabon tauraro a jiki, kuma musun Oktoba ya dawo sabo, sai dai yanzu wasu da suka tsaya a ɓangaren teburi sun koma ɓangaren kofi. Jiya aka rataye Thomas Frank a gurbinsa, ƙusar Brentford da ya baro kuma babu kowa.

Aikin da ke gaba kafin Agusta: goge sunayen Leicester, Ipswich da Southampton da samfefa a maye da Leeds, Burnley da Sunderland, sake shafa fentin allo sau 1 a duka ukun, allo na huɗu na Laliga, domin Ancelotti ya tafi Brazil, Xabi Alonso ya karɓi Real Madrid, kuma masu goyon Madrid da Barcelona sun gaji da rubutu a gefe. Ruwan daren Laraba ya biyo ta ramin ƙusar kwano ya ɗiga a layi na 7 da na 8. An toshe da kwalta, ana jiran ruwa na gaba a gani.